Ɗakin da Ba Ya Yoyo

Ranar da aka fitar da gadon Fidelina daga ɗakinta ina wurin, muna shan gahawa ni da ita a bakin taga. Ɗanta Amílcar ya shigo da fara'arsa ta kullum, ya sumbaci goshin uwarsa, ya juyo ya sumbaci nawa. Ni na riƙe shi a coci ranar da aka yi masa baftisma, shi ya sa har yau da furfura a gemunsa Inna Tancho yake ce min.

"Mama, wata 'yar alfarma za ki yi mana," in ji shi. "Rumfar ajiya ta fara yoyo, ga kayan mutanen San Miguel mun gama, motarsu kawai muke jira. Ki ara mana ɗakin nan kafin su zo su kwashe."

"Ɗakin nawa?"

"Shi kaɗai ne ba ya yoyo a duk gidan nan. Kin san farin yadi da danshi, Mama, ke kika koya mana. Kafin ki ankara ya yi fumfuna."

"Ni kuma fa? Ni ba na fumfuna?"

Ya ƙyalƙyale da dariya har da dafa bango. "Ke ai tsohon katako ce, Mama, irin wanda ba a samu yanzu. Ko a kogi aka jefa ki ba abin da zai same ki."

Ita ma ta yi dariya, ni ma na taya su, don Amílcar in yana roƙonka abu sai ka ji kamar shi ne zai ba ka kyauta. Kafin gahawarmu ta huce ma'aikata sun ɗauke gado, sun ɗauke kabad, sun sauke hoton mijinta marigayi Eleuterio daga bango. Akwatunan gawa suka yi ta shigowa, masu ruwan toka da masu ruwan zuma, kowanne da 'yar tagarsa ta gilashi ta ganin fuska, aka jera su har kusa da rufi.

A nan Jucuapa, garin masu ƙera akwatin gawa, ba wanda akwatin yake ba tsoro. Yara a ciki suke wasan ɓuya, kafintoci a kan murfi suke cin abincin rana. Ni kuwa da nake jan addu'a a gidajen makoki tun ina da haƙorana duka, na ga ciki da bayan kowane iri. Ɗakin ne ya tsaya min a rai, don a cikinsa aka fara komai. Lokacin yaƙi, da mutane suka daina zuwa wurin Eleuterio neman tebur da kujera suka koma neman akwati, Fidelina ce ta ce ita ba za ta iya kallon ɗan wani a kwance kan katako tsirara ba. Ta cire labulen wannan tagar, ta cusa masa auduga, ta shimfiɗa a akwatin farko. Daga nan magana ta bazu cewa a gidan Ostorga, wato gidansu, nan ne ake kwantar da mutum kamar a gadonsa. Ta yi shekaru a bakin tagar, ƙafa tana taka keken ɗinki, baki yana gaida duk mai wucewa yana kuma karɓar tsegumin gari. Eleuterio ya mutu ya bar kafintoci uku da amalanke ɗaya. Amílcar ne ya gano cewa ciniki da mai kuka akwai wahala, gara a sayar da sari ga masu shirya jana'iza, waɗanda ba sa zuwa da hawaye. Ya yi sa'a kuwa, don ƙasarmu ba ta taɓa barin mai wannan sana'a ya zauna ba aiki ba.

Aka kai gadon ɗakin ɗinki, aka ja masa labule. Motar San Miguel ta zo ta kwashe kayanta, amma kafin a kai ga share ɗakin na mutanen Usulután sun shiga. Damina ta wuce, sai aka ce ai rani ya fi muni, ƙura tana maƙalewa a sabon fenti.

Da farko Fidelina ba ta ɗauki abin da zafi ba. Daga kan gado take ba 'yan matan ɗinki umarni, wannan tattarar ta karkace, waccan ba ta cika ba, su kuma suna "to Kaka, to Kaka" suna yin abin da suka ga dama. Sai Amílcar ya sayo bindigar maƙala yadi, ya daina sayen auduga ya koma soso, aka kawo shi dami-dami. Soso yana son wuri, kuma shi ma ashe ba ya son danshi. Ni dai na lura a gidan nan kowane abu yana da abin da ba ya so, ban da Fidelina.

Gado ya koma baranda, mai kallon tsakar gida inda injin zarto yake kuka tun safe. Aka ɗaura mata tamfol saboda feshin ruwa. Garin katako yana sauka a gashinta, yana sauka a miyarta, in ta tashi daga barci sai ta kakkaɓe zanin rufa kamar mai shiƙa.

"Mama ai ta fi son nan," matar Amílcar, Yanira, ta ce min tana wucewa da waya a kunne. "Tana ganin mutane, ba ta kaɗaici. Ko ba haka ba, Mama?" Ba ta tsaya jin amsa ba.

Na ja kujera kusa da gadon. "Fide, haka za ki zauna a kan hanya kamar buhun masara?"

"Yaron yana ƙoƙari, Tancho. Kin san gidaje nawa ke ɗora tukunya saboda shi?"

"Ƙoƙarinsa ya dame shi. Ki tattaro ki dawo wurina, ga ɗakin ɗana Chepe ba kowa tun da ya tafi Amurka."

"In bar gidana in je in zama baƙuwa? Ina da ɗaki, ara na yi." Ta kakkaɓe kafaɗa. "Ba gadon ne ya dame ni ba, ko a ina mutum zai iya barci. Tagata nake so. Ban san wa ya yi aure ba, ban san wa ya yi ciki ba, sai dai wanda ya mutu, shi ma don na ji ana faɗin tsawonsa."

"Wannan ai sai ki tambaye ni."

"Ke kina ƙara gishiri."

"Gishirin ne daɗin."

Muka yi dariya, sannan ta yi tari, irin ɗan tarin da mutum yake yi ya wuce. A lokacin ban ba shi muhimmanci ba, ita ma haka.

Shekarar annoba gidan Ostorga bai rufe ƙofa ko na wuni ɗaya ba. Motoci suna layi tun daga kan kwana, har daga iyakar Honduras ake bugo waya. Amílcar ya sayi filin maƙwabcinsa na baya, mutane suka ce to yanzu kam tsohuwa za ta samu ɗakinta. Rumfar fenti aka gina a wurin, don yanzu fentin mota ake fesa wa akwatuna su yi ƙyalli. Baranda kuma ta zama hanyar wucewa da kaya, gado yana tare ta, kullum sai an buge ƙafarsa da kusurwar akwati.

"Kar wata rana a ji miki ciwo, Mama," in ji Amílcar, har da tausayi a muryarsa.

Aka mayar da ita wani ɗan ɗaki can baya inda da ake ajiye kayan aiki, bango ɗaya ya raba shi da rumfar fenti. Rufin kwano ne, da rana gashi, in ruwa ya sauko kuma sai a jera kwanoni a ƙasa. Taga babu, sai wata huda sama da ƙofa, ta nan warin fenti yake shigowa. Ni in na zauna a ciki na ɗan lokaci kaina sarawa yake, sai in fito in sha iska in koma. Tarin nan ya samu gindin zama. Fidelina da in ta yi kira daga tagarta sai an ji ta a kasuwa, ta koma sai ta huta a tsakiyar magana.

Na tare Amílcar a ofishinsa, mai sanyin na'ura da tayil har bango.

"Kai, ɗan nan, uwarka ba ta iya numfashi."

"Inna Tancho! Zauna, a kawo miki lemo."

"Ban zo shan lemo ba. Ka mayar mata da ɗakinta."

"Inna, kin ɗauka ban damu ba? Jiya-jiyan nan na kai ta wurin likita a San Miguel, likita mai tsada, ya ce shekaru ne. Ga abin shaƙa na saya mata, na waje."

"Ka gaya wa likitan inda take kwana?"

Ya sosa ƙeya. "Ai bai tambaya ba." Sai ya jawo wani zanen gini ya baza a tebur. "Duba nan. Babban sito za mu gina, bene. A sama Mama za ta samu ɗaki da banɗakinta, da taga ƙatuwa har ƙasa."

"Matar da ba ta iya zuwa bakin famfo ba ta huta ba, ita ce za ta hau bene?"

"Za mu duba wannan. Inna, ki fahimce ni, mai rai yana iya jira, gawa ba ta jira. In na ce wa mutum babu kaya yau, gobe ya koma wani gidan, gidajen akwati nawa ne a garin nan? Duk wannan abin ai don ita nake yi."

Ba mugun yaro ba ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mugu ne da na zage shi na huta. Kowace safiya sai ya leƙa ya gaishe ta, yana toshe hanci da hankici, ya ce mata saura kaɗan. Ƙanwarsa Noemí kuma daga Virginia, can Amurka, ta aiko da injin hura iska, ta ce a waya, "Ku dai bar Mama inda take jin daɗi, tsofaffi ba sa son a yi ta canja musu wuri."

Da shekara arba'in ta cika da kafa gidan, Amílcar ya ce za a yi biki, za a buga kalanda a raba wa masu sari. Aka ɗauko mai hoto daga babban birni, wani mai ɗan kunne. Ya zagaya gidan yana neman haske, ya tsaya a ƙofar ɗakin gaba ya ce nan ne. Nan da nan aka janye layi ɗaya na akwatuna, aka goge tagar, aka lalubo tsohon keken ɗinki daga inda aka jefa shi. Yanira ta gyara wa Fidelina gashi, ta shafa mata hoda, aka riƙo ta aka zaunar da ita a wurinta.

Ba zan manta fuskarta ba. Ta dafa keken, ta leƙa titi, sai ga mai burodi a kan kekensa.

"Lencho! Har yanzu kana sayar wa mutane burodin shekaranjiya?"

"Doña Fide! Wallahi na ɗauka kin tafi Amurka wurin 'yarki!"

"Ina nan, a baya nake."

Ta tsayar da matar mai kemis ta tambayi jikokinta. Ta ga wata yarinya da ciki ta juyo ta kalle ni, na ɗaga mata gira cewa daga baya zan ba ta labari. Duk zaman nan ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Mai hoto yana ta ɗauka yana cewa haka ne, Kaka, ƙara murmushi.

"An gama, Mama," in ji Amílcar. "Kin yi kyau ƙwarai."

"Bari in ɗan ƙara zama."

"Yaran suna jira su mayar da kaya, hadari yana haɗowa."

Ranar biki aka yanka saniya, aka yi pupusa, wainar masararmu mai cuku a ciki, kamar ba za a ƙara ci ba, makaɗa suka zo daga Santiago de María. Amílcar ya riƙe abin magana ya ba da tarihi tun daga labulen taga har zuwa manyan motoci uku, ya nuna uwarsa ya ce ita ce ginshiƙin gidan Ostorga, muryarsa har tana rawa. Mutane suka yi tafi, wasu suka share hawaye. Kalandar ta shiga kowane gidan shirya jana'iza a gabashin ƙasar, ga Fidelina a bakin tagarta tana murmushi. Da aka watse aka riƙe ta aka mayar da ita bayan rumfar fenti.

Ba a daɗe ba, wata rana da tsakar rana, na zo na tarar gidan a hargitse. An nemi Fidelina an rasa. Yanira tana leƙa rijiya, ma'aikata suna duba bayan tarin katako, ga kuma wani babban mai sari daga Choluteca, Don Ovidio, ya iso ganin sabon samfuri. Ni ban wahalar da kaina ba, na nufi ɗakin gaba kai tsaye, Amílcar da baƙonsa suna biye da ni.

Tana nan kuwa. Ta zaɓi akwatin da ke bakin taga, mafi tsada, mai ruwan zuma da hannayen azurfa, ta buɗe murfi, ta cire silifas ta ajiye a gefe, ta shige ta miƙe. Taga a buɗe, iska tana kaɗa gashinta, tana ta barcinta har da ɗan minshari. Don Ovidio ya cire hula ya yi alamar gicciye, ya fara yi wa Amílcar ta'aziyya.

"Mama!" Amílcar ya daka tsawa. "Mama, yadin!"

Ta buɗe ido a hankali. "Wane yadi?"

"Man gashinki zai ɓata matashin! Wannan an riga an saye shi!"

"Na ga ɗakin nan na masu akwati ne, shi ne na shiga ɗaya." Ta kalli baƙon. "Sannu da zuwa, bawan Allah. In shi za ka saya, matashin ya yi tauri, soson ne ba mai kyau ba. Amma da sauƙin numfashi a ciki."

Don Ovidio ya yi dariya har da tari, ya ce bai taɓa ganin gidan da ake gwada kaya kafin a sayar ba, ya ƙara oda. Amílcar ma ya yi dariya, ya rungume uwarsa ya ɗago ta, yana cewa kun ga halin Mama ko. Da yamma labari ya zagaye gari, kowa yana cewa Doña Fide ba dai barkwanci ba. Washegari da na zo na ga an sa wa ƙofar ɗakin kwaɗo.

"Don lafiyarta ne, Inna," in ji shi. "In murfi ya faɗo mata fa?"

Tun daga ranar ta daina tambayar labarin gari. In na kawo mata tsegumi mai zafi sai ta ce "haka ne?" ta juya fuska bango. Damina ta sake kamawa, kwanonin tarar ruwa suka ƙaru, ƙasan katifarta ya yi baƙi-baƙi. Injin Noemí yana ta huci a gefe yana hura mata iskar da ke ɗakin, wadda ita ce matsalar tun farko. Na je wurin Fada, limamin cocinmu, na kai ƙara, ya yi wa Amílcar magana, Amílcar ya nuna masa zanen bene, ya kuma ba coci kyautar sababbin benci. Na sake roƙonta ta dawo gidana, har na zo da mai mota. Ta riƙe ƙarfen gado da hannu biyu.

"In na fita, Tancho... shi ke nan, an ce na bar musu. Ni ban bar musu ba."

Wata Laraba da la'asar, ruwa yana dukan kwano, ina riƙe da hannunta ina jan carbi, injin fenti yana ta aiki a bayan bango, ta cika. Sai da na fita na yi wa masu fenti ihu sannan suka kashe.

Amílcar ya yi kuka na gaske, ya faɗi a ƙasa kamar ƙaramin yaro, ban kuma ce na ƙarya ba ne. Da ya tashi ya share fuska sai ya fara ba da umarni. Uwar gidan Ostorga ba za a yi zaman makokinta a baya ba, masu sari za su zo daga ko'ina, sai a ɗakin gaba. Aka buɗe kwaɗo. Ɗakin da aka yi shekara da shekaru ana ce min ba inda za a kai kayan cikinsa, kafin a gama dafa gahawar baƙi an kwashe shi tas. An wanke tayil, an mayar da hoton Eleuterio, har sabon labule aka sa wa tagar. Aka kwantar da ita a akwatin katakon sida mai ƙamshi wanda ba a taɓa yin irinsa a garin nan ba, mutane suna zagayawa suna shafa fentin suna tambayar Amílcar ko akwai irinsa a kasuwa.

Bayan an binne ta, ni na kafa teburin addu'ar kwana tara, wa zai kafa in ba ni ba. Na sa shi a bakin taga, na shimfiɗa farin ƙyalle, na jera kyandir da furanni da hotonta, na ajiye kofin ruwa don in ta ji ƙishi. Kowace yamma mata suna cika ɗakin, ina ja suna amsawa, a sha gahawa a ci tamal, alalen masara da ake naɗewa a ganye, a watse. A unguwarmu kowa ya san yadda ake rufewa. Ranar ƙarshe, wadda ta kafa teburin ita ce za ta kashe kyandir ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe ƙyalle, ta zubar da ruwan a bakin ƙofa, ta ce wa mamaci ya tafi ya huta. Kafin a yi haka mamaci yana nan a ɗakinsa, kuma ba hannun da ke taɓa teburin sai wanda ya kafa shi.

Rana ta tara muka kai ƙarshen carbi. Ta taga ina hango ma'aikata a tsakar gida sun riga sun jero akwatuna a ƙarƙashin tamfol, suna jira mata su fita. Na yi addu'ar ƙarshe, na ce amin, na sa carbina a jaka, na ɗauki lemata.

"Inna Tancho," Yanira ta raɗa min, "teburin."

"Na gan shi."

Amílcar ya biyo ni har titi. "Inna, kin manta ba ki sallame ta ba."

"Ban manta ba."

"To yaushe?"

"Matar da ta shigo ɗakinta yanzu-yanzu, ni ce zan ce mata ta tashi? Ba da bakina ba. Ga tebur can, kai ka san yadda ake fitar da ita, ka saba. Je ka naɗe."

Ya tsaya a cikin yayyafi yana kallona, baki a buɗe. Ya koma ciki, na ji an ce ya daɗe a tsaye gaban teburin, ya miƙa hannu wajen kofin ruwan ya janye. Ya sa ma'aikata, suka ce ko za a kore su ba za su taɓa ba, mutanen da ke barcin rana a cikin akwatin gawa. Ya aika wa Chus da Marcelina, sauran masu jan addu'a na gari, suka ce ba a shiga teburin wata. Ya je wurin Fada, Fada ya ce wannan al'adar mata ce, shi ba ruwansa. Ya dawo wurina da kwandon lemo da kaza, na karɓi kazar don ba ita ta yi min laifi ba.

Ruwa bai fasa sauka ba, kaya suna waje. Kafin mako ya zagayo Amílcar ya kama hayar tsohon siton gahawa da ke bakin hanyar fita gari, mai rufi lafiyayye, wanda yake a rufe tun kafin a fitar da gadon uwarsa, kullum kuma ta gabansa motocinsa ke wucewa. Ya ce min ashe ma ya fi sauƙin lodi.

Mutane suna tare ni a kasuwa suna cewa na rama wa Fide. Ban rama komai ba, kuma ba na jin daɗin maganar. Abin da na gani kawai shi ne tsoron uwa matacciya ya yi a mako ɗaya abin da tausayinta tana raye bai yi ba a shekaru, kuma ba gidan Ostorga ne kaɗai ke da ɗan ɗaki a baya ba. Ina shiga gidajen makoki, ina ganin inda ake fito da gadon mamaci a jingine, na san daga wane lungu aka ɗauko shi. Sai a yi masa tebur a ɗakin gaba, a sayo furanni masu tsada, a ce min in ja addu'a da ƙarfi don maƙwabta su ji.

Har yau kowace yamma ina zuwa in canja ruwan kofin, in kunna kyandir, in buɗe taga. Ɗakin a bushe yake, iska tana shiga tana fita, ba warin fenti ko kaɗan. Nakan zauna in faɗi wa ya yi aure, wa ya yi ciki, in ƙara gishiri yadda nake so, ba mai ce min na ƙara. Fide tana maƙabarta, can gangaren da ruwa ke kwanciya duk damina.